Inna, Sun Aiko Suna Son Gonarsu

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Rabi, wadda muke kira Inna.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin wadda ta kamaci ɗa ga uwarsa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin sauƙi a inda kike kwance.

Gidan Baba Ayuba sun aiko suna son gonarsu. Saƙon ya iso wa Yaya Sani a Kafanchan bayan an gama yankan dawa. Bitrus, babban ɗan Baba Ayuba, shi ya kawo shi da bakinsa. Ya faɗa a tsaye a ƙofar gida, an shimfiɗa masa tabarma bai zauna ba. Kafin wannan, ranar bikin 'yancin kai, gwamnatin soja ta sanar da sababbin jihohi, babu ta kudancin Kaduna a ciki. Na haɗa miki labaran biyu wuri guda saboda ɗaya ne ya jawo ɗaya.

Na san ba ki karatun boko, kuma jarida ba ta zuwa inda kike. Amma a wannan shafi ne kawai nake iya magana a tsanake. Mutane za su karanta. Ba komai, ke ma ba ki taɓa rage murya don maƙwabta ba.

Kin fi ni sanin tarihin gonar, daga bakinki na ji shi. Kakanmu ya zo garin nan yana bin jirgin ƙasa da fataucin goro da gishiri. Da iyali suka yi yawa sai ya tafi ƙauyen da ke bayan gadar jirgi, ya roƙi mahaifin Baba Ayuba wurin noma. Aka nuna masa fili daga gindin ɗorawa har bakin rafi. Ba sayarwa aka yi ba, ba haya ba. Aro ne. Ɗorawar tasu ce, su ke tsinke ta. Abin da ke kanmu shi ne, in an yi girbi, kafin dami ko ɗaya ya shiga rumbunmu, sai an kai musu na farko. Ɗan gida ne zai ɗauka a kansa, ya taka da ƙafa, ya sauke a gindin rumbunsu, ya ce, "Mun ci gonarku." Mai gida ya amsa, "Ku ƙara ci." Shi ke nan, gona ta zama tamu har wata shekara.

Bayan rasuwar Baba ke kika riƙa kaiwa. Kina da 'ya'ya maza, amma kika ce wuyanki bai tsufa ba. Ina tuna yadda kike naɗa gammo da tsohon ɗankwali, ki sa mu a gaba. Mama Saratu, matar Baba Ayuba, takan hango ki tun daga nesa ta fara yi miki tsiya, wai Hajiya guda da dako. Ke kuma ki ce mata ta tanadi daddawa, kada ta ba ki ta bara. Sai a kama kaza, Baba Ayuba ya wanke wuƙa ya miƙa wa Yaya Sani ya yanka, don mu ci. Ba wanda ya taɓa yi mana bayanin wannan. Haka muka taso muka ga ana yi.

A tamanin da bakwai, da rikicin nan ya tashi daga garinmu ya bazu har Zariya da Kaduna, kowa ya ce kada ki je. Watanni sun wuce a lokacin, amma mutane ba su koma shiga unguwannin juna ba. Kika ce, "Hanyar da na bi da cikin Sani, ba yau za ta ɓace mini ba." Kika je ke kaɗai, kika dawo da ƙunshin daddawa. Da damina ta zagayo kika rasu.

Abin da ya biyo baya ba ki gani ba. Da girbi ya zo, Yaya Sani ya ji tsoron shiga ƙauyen. Ban ga laifinsa ba, ya ga abin da ya gani a waccan shekarar, ni ina Kaduna ina rubuta labarin daga nesa. Bai kuma so ya hana su haƙƙinsu ba. Sai ya sa aka sussuke dawa, aka cika buhu, ya ba direban a-kori-kura ya kai musu. A ganinsa ya kyauta, buhu ya ninka dami nesa ba kusa ba. Aka karɓa ba a ce komai ba. Ya ci gaba da yin haka duk shekara. Bayan rikicin Zangon Kataf ma sai ya ƙara yawan buhunan, don su san muna tare da su.

A tsakanin nan jirgi ya yi ta raguwa har ya kusa daina zuwa. Kantin Yaya da ke bakin tasha ya mutu a hankali, kamar sauran. Yanzu gonar nan ce ke ci da gidansa, da matarsa, da yaransa, da marayun da yake riƙo. In ta tafi, ban san abin da zai sa a tukunya ba. Albashina ba zai ɗauki gida biyu ba.

Ke ba ki son dogon zance, amma bari in gaya miki abin da masu neman jihar ke cewa, don na saurare su da kyau. A farkon bara gwamnati ta kafa kwamitin jin buƙatun masu son jiha, aka tura ni ɗauko rahoto. A nan na ga Bitrus cikin tawagar mutanen kudu. Kin san shi, sa'ana ne, tare muka yi firamare, yanzu shugaban makaranta ne. Bayan an tashi muka shiga wata rumfar abinci. Bai ko wanke hannu ba ya ce, "Isiyaku, motar da ta kawo mu sai da ta ci taya tsakanin Kachia da Kasuwan Magani, ta sake ci kafin Kujama. Rubuta wannan, shi ne hujjarmu ta farko."

Hujjarsu ta tattalin arziki ba ta da wuyar ganewa. Citta a ƙasarsu ake noma ta. Su ke tona ta, su tsaga, su shanya, sai ta fita a buhu yadda take, a yanke farashinta a wani wuri, ribar sarrafa ta kuma ta tsaya a wani wurin. Haraji yana tafiya Kaduna da sauri, hanya da asibiti da ruwan famfo suna dawowa a hankali. Suna da doya da masara da acca da zuma, ga Abuja tana girma a gefensu, tana neman abinci ta hanyar Jere. Makarantun mishan sun ba su malamai da ma'aikatan jinya da akawu fiye da guraben da ake ba su. Sai babbar magana: a tsarin rabon kuɗin tarayya akwai kason da ake ba kowace jiha daidai wa daida, babba ko ƙarama. Wanda yake ɓangaren jiha sai ya jira a gutsura masa. Wanda ya zama jiha ana ba shi nasa a hannu. Sun ga Katsina da aka cire daga jikin Kaduna a shekarar rikicinmu, sun ga gine-gine da ayyukan da suka biyo baya.

Ta fuskar siyasa kuwa maganar yawa ce. In an koma zaɓe, ƙuri'unsu su kaɗai ba za su kai ɗansu kujerar gwamna ba, sai dai mataimaki. Tsofaffinsu suna tuna lokacin da ake naɗo musu hakimi daga nesa, wanda bai jin yarensu. An fara ba wasu ƙabilun sarautarsu, amma suna cewa rawani ba ya gina asibiti. Na ce masa ai 'yan siyasar kudu ma ba mala'iku ba ne. Ya yi dariya ya ce, "Na sani. Amma ko sata za a yi, gara wanda zai yi ya zama na san gidan ubansa. In je in zauna masa a ƙofa har ya fito."

Ni ma na gaya masa abin da nake gani. Jihar da za ta dogara da kason tarayya, gidan gwamna da motocin kwamishinoni da albashi za su cinye shi kafin a kai ga kwalta. Farashin citta yana hawa yana faɗuwa, ba a gina kasafi a kansa. Ba su ma gama shawarar inda za a sa babban birni ba, Kafanchan na so, Kachia na so. Harsunansu suna da yawa, kuma ranar da aka yi jihar, ƙananan cikinsu za su fara kuka da manyan, irin kukan da suke yi yanzu. Ya amsa wasu daga ciki, ba duka ba.

Na daɗe ina gyara labaran ƙasashen waje a wurin aiki, Inna. A shekarun nan na ga Tarayyar Sobiyet ta watse, na ga Cek da Silobak sun rabu ba a fasa ko gilashi ba, na ga Yugosilabiya ta rabu da jini, na ga Eritiriya ta fita daga Habasha. Masu son fita kullum suna da lissafi, masu son a zauna ma suna da nasu, kuma galibi kowane lissafi yana da gaskiya a ciki. Inda abin yake lalacewa shi ne wurin mutanen da sabon layi ya bari a wancan gefen. A nan mu ne waɗannan mutanen. An haife mu a Kafanchan, an haifi ubanmu a Kafanchan, ba mu da wani gari da za a ce mu koma.

Don haka na tambaye shi, mu fa, a sabuwar jihar. Ya ce, "Ku ai namu ne." Ya tsaya yana juya cokali a kwano, sannan ya ce, "In kun yarda ku namu ne." Na ce me ya kawo shakka. Sai ya gaya mini abin da ba mu sani ba. Duk buhunan da Yaya Sani ke aikawa, ko ƙwaya ba ta shiga rumbun Baba Ayuba ba. Ranar godiyar kaka ake kai su coci a ba da baiko. Tsohon ya ce shi bai ba kowa haya ba, ba zai ci kuɗin haya ba. A wajensu, wanda ya tako da dami yana cewa ne ƙasar taku ce, mu kuma mutanenku ne. Wanda ya aiko da buhu ta hannun direba yana cewa ya biya, ba ruwansa da kowa.

Na kai wa Yaya maganar a makon. Ransa ya ɓaci. Ya ce ya yi ta hana yaransa don ya cika buhunan nan, ashe ana raba wa mutane. Ya ce zai duba in kaka ta zo. Da kakar ta zo bai iya ba, ya sake kiran direba.

Ranar da aka sanar da jihohin ina ofis, rediyo a kan tebur. Aka karanta sunaye har ƙarshe. Wani abokin aikina ɗan kudu ya ɗauki hularsa ya fita. Wani kuma ya yi hamdala a hankali. Ni na gyara kanun labari na miƙa. Na jira in ji daɗi ko baƙin ciki, babu wanda ya zo. Har yau ra'ayina bai sauya ba: hujjar masu neman jihar ta fi ta masu ƙi nauyi, kuma da an yi ta da na zauna a cikinta, in dai za a faɗa a fili cewa mu 'yan ƙasa ne a ciki. Amma ba a yi ba, kuma ba wanda ya yi musu bayanin dalili.

Abin da ban hango ba shi ne yadda wannan zai iso gonarmu. Ƙannen Bitrus suna ta jiran jihar. Ɗaya ya bar soja, ɗaya an sallame shi daga masaƙa a Kaduna, ɗaya ya gama makaranta yana zaune. Duk sun sa rai cewa sabuwar jiha za ta ɗauki ma'aikata, daga masinja har darakta. Da ba a yi ba sai suka tattara suka koma gida da matansu da yaransu. A gida kuwa ba abin da ke kawo kuɗi sai citta, citta kuma sai da fili. Suka duba suka ga filin kakansu yana hannun mutanen da rabon da a ga ƙafarsu a ƙauyen tun kina raye.

Bayan saƙon Bitrus na zo Kafanchan. Yaya ya rame. Muka zauna a ɗakinki, wanda yanzu ake ajiye buhuna a ciki. Ban ba shi shawara ba. Da safe na gan shi ya shiga rumbu ya fito da dami. Ya ce damin ya riga ya shiga rumbu, ba na farko ba ne, ko zai yi. Na ce ban sani ba. Ya nemi tsumma ya naɗa gammo, bai iya ba, matarsa ta naɗa masa.

Muka tafi da hantsi, shi a gaba ni a baya. Ya haura hamsin yanzu, Inna, ga furfura, ga ciwon gwiwa. Muka bi gefen layin dogo, ciyawa ta rufe ƙarafan. Muka haye ta ƙarƙashin gada. A bakin ƙauyen wasu samari suna zaune suna tsaga citta a kan shimfiɗa. Ɗaya ya ce, "Alhaji, mota ya lalace ne?" Sauran suka yi dariya. Yaya bai juya ba, dami ba ya barin mutum ya juya.

Mama Saratu tana tsakar gida tana tsince kalwa. Ta tsufa ƙwarai. Ta ɗaga kai ta dube shi yana shigowa, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ka ga tafiyan Rabi." Ta tashi ta ɗebo mana ruwa.

An fito da Baba Ayuba aka zaunar da shi a kujera. Idanunsa sun kusa tafiya. Yaya ya sauke damin a gindin rumbu, ya durƙusa, ya ce, "Baba, mun ci gonarku." Tsohon ya miƙa hannu ya shafa kan dawar. Muka jira amsar da muka saba ji tun muna yara. Ba ta zo ba. Da Hausarsa da kika sani, wadda ba ta raba mace da namiji, ya ce, "Mamanku ya mutu, mun zo gaisuwa da ƙafa. Ku kun aiko mota."

Yaya ya ce tsoro ne. Ya faɗa haka kawai, bai yi wa maganar ado ba. Baba Ayuba ya ce, "Mu ma muna da tsoro. Ranar da muka zo gidanku, Saratu ya sa ni na yi addu'a a hanya." Sannan ya ce, "Ban yi fushi ba, Sani. Fushi ya ƙare tuntuni. Yara ne sun yi yawa. Gwamnati bai ba su jiha ba, ni suke kallo."

Ba a kama kaza ba. Ba a kuma ce mu ɗauke daminmu ba, yana nan jingine muka baro shi. Bitrus ya rako mu har bakin gada. Ya ce maganar ta wuce tsohon shi kaɗai, sai an taru a Kirsimeti, kowa ya zo gida, a zauna. Na tambaye shi shi ina ya tsaya. Ya ce, "Ni shugaban makaranta ne, ina da albashi. Waɗanda ba su da shi su za su fi ni murya." Muka yi musabaha.

Muka kamo hanyar dawowa, ni da Yaya, har muka hango tasha. Ya ce wuyansa na ciwo, ya ce bai san yadda kika yi ta ɗauka ba duk shekarun nan. Na ce ni ma ban sani ba.

Inna, ban rubuto don in kai ƙarar kowa ba. Yaya ya ba da abin da ya fi yawa da zuciya ɗaya. Su kuma ƙasarsu ce, yaransu suna jin yunwa kamar namu. Na saba in zauna a tsakiya in auna magana, aikina ke nan, amma wannan karon na auna na ga kowa yana da gaskiya, kuma hakan bai rage komai ba. Ina cin abinci, ina zuwa aiki, ina gaisawa da mutane. Wani lokaci ina tsakiyar rubutu sai in tuna yadda kike sauke dami, ki dafa ƙugu, ki ce wa Mama Saratu ta ba ki wuri ki zauna kafin ta fara surutu. Ina kewarki. Ban taɓa gaya miki haka kina raye ba, ba a saba ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya yafe miki, Ya haɗa ki da Baba a gidan rahama. Allah Ya ba Baba Ayuba da Mama Saratu sauƙin tsufa. Allah Ya ciyar da yaran gidan biyu, Ya hana ƙasar nan sake ganin abin da ta gani.

Kirsimeti ta wuce. Wata mai sayar da daddawa daga ƙauyen ta gaya wa matar Yaya a kasuwa cewa an zauna, an yi ta magana har yamma, an tsaya a kan za a raba gonar: su karɓi tudun su sa citta, a bar mana gefen rafi. Bitrus bai aiko ba tukuna. Yaya ya tara taki a bayan gida, bai kai gonar ba.

Ɗanki,
Isiyaku